Dubiyar da Ta Kusa Cinye Lasisin Umma

Hannun Umma na fara gani. Kafin fuskarta, kafin fitilun filin jirgin Riyadh da ake ta ba ni labarinsu, idona ya sauka a kan hannun da ta miƙo ta karɓi jakata. Bayan yatsun duk ya tsattsage, farcen an yanke shi ƙasa-ƙasa, babu lalle ko ɗigo. A Funtuwa ban taɓa ganin Umma ba lalle ba. Da ta rungume ni sai na ji warin man wanke hannu na asibiti ya danne turaren da na san ta da shi. Shekara biyu rabona da ita. Shekaruna goma sha huɗu a lokacin, kuma duk maganar da na tanada a cikin jirgi ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Umma, Kaka ta ce a gaishe ki."

"Iyakar tsarabar da kika zo da ita ke nan daga Najeriya?" ta ce tana dariya, tana share ido da gefen mayafi.

Umma nas ce. Bayan rasuwar Abba ta samu aiki a wani asibitin kuɗi a unguwar Nasim, ta bar ni wurin Kaka, ta yi ta faman cike takardu har aka yarda in zo in zauna a ƙarƙashinta. A mota ta yi mini bayanin zaman ƙasar da kalmomi kaɗan. Igamata, wato katin izinin zama, a rataye take a jikin tata. Tata a rataye take a jikin aikinta. Aikin kuma a jikin lasisin jinya. In lasisin ya faɗi, komai ya biyo shi.

Masaukinmu a Ulaisha yake, hawa na biyu a wani tsohon gini. Dillalin da ya sama wa Umma shi ya nuna mata hoton ɗaki mai taga tana kallon titi. Da ta tare sai ta tarar tagar bangon maƙwabta take kallo, kusa da har in na miƙa hannu sai in taɓa shi. Ta koma wurinsa, ya ce hoton na hawa na uku ne, kuma ai gini ɗaya ne. Ni ce na amfana da tagar. Wani siririn haske yana saukowa a jikin bangon, na koyi gane lokaci da shi: in ya kai bakin bututun ruwa, azahar ta yi.

Abin da ya fi damuna a watannin farko shiru ne. Ba daka, ba kukan akuya, ba mai sallama ya shigo aron wuta. Kowace ƙofa a rufe. Da rana in Umma tana wurin aiki nakan kira Kaka, ba don ina da abin faɗa ba, sai don in ji hayaniyar tsakar gida a bayanta.

Wanda ya fara sa ni dariya a garin Baba Isuhu ne, dattijo mutumin Maraɗi mai kiran makaranta lakkwal, direban da ke kai ni makaranta tare da wasu yara uku. Ranar farko ya dube ni ta madubi ya ce, "Ke ɗiya, a lakkwal ɗin ma haka za ki yi musu? Ko an karɓe miki baki a filin jirgi?" Kullum akwai dabino a aljihun ƙofar motarsa, kuma kullum sai ya miƙo mini uku ta baya ba tare da ya waiwayo ba.

A makaranta Larabcin islamiyya na je da shi. Na buɗe baki sau ɗaya, ajin ya fashe da dariya, wata ta ce kamar mai karanta labarai a talabijin. Daga nan na rufe bakina na buɗe kunnena. Na zauna a kujerar ƙarshe ina sauraron yadda suke haɗiye ƙarshen kalma, yadda suke jan wata. Kafin shekara ta zagayo ina jin Larabcin titi fiye da Umma, wadda nata bai wuce na gado da magani ba: ina ke ciwo, buɗe baki, juya. Ni na zama mai karanta mata saƙon waya da takardar wuta.

Maganar inshora a gabana aka yi ta. Wata Juma'a abokiyar aikin Umma, Sista Lini, 'yar Indiya, ta zo mana da shinkafa mai yaji, ta ji Umma ba ta da ta'amin, wato inshorar da ke tsaya wa ma'aikacin jinya in aka kai ƙararsa kan kuskuren aiki. Ta ajiye cokali.

"Hadiza, kina da hankali kuwa? Kina tsammanin asibiti zai tsaya miki? Asibiti kansa zai tsaya wa."

"Shekara goma sha biyar ina aikin nan," in ji Umma, "ba wanda ya taɓa kai ƙarata."

"A garinku. A garinku in abu ya faru sai a ce haka Allah ya so. Nan ma suna faɗar haka, sannan su ɗauki lauya."

Umma ta yi ta jan ƙafa. Zuciyarta ba ta kwanta da inshora ba, sai da ta tambayi wani malami ya ce mata irin ta taimakekeniya ce, babu laifi. Ta yi rajista, aka ba ta takarda shafi goma sha ɗaya, rabi Turanci rabi Larabci. Ta duba sunanta, ta ga an rubuta daidai, ta sa a leda tare da fasfo ɗinmu ta tura ƙarƙashin akwati. Ba ta karanta ba. Ni ma ba ta ce in karanta ba.

Ina aji na biyun ƙarshe abin ya faru. Na dawo daga makaranta na tarar da Umma zaune a bakin gado da kayan aiki a jikinta, ko takalmi ba ta cire ba. Wata tsohuwa mai ciwon suga da take kula da ita, Ummu Salihu, ta faɗo daga gado gab da la'asar, ƙugunta ya karye. An tarar da ƙarfen gefen gadon a sauke. Umma ta rantse ta ɗaga shi kafin ta fita, kuma ta rubuta a takardar majinyaciyar. Amma ɗan tsohuwar, Salihu, ya ce rubutu ba wuya, ya shigar da ƙara cewa sakaci ne. Asibiti ya janye Umma daga kan marasa lafiya, aka mai da ita ɗakin ajiyar kaya tana jera auduga. Aka kuma ce ba za ta bar ƙasar ba sai an gama.

Mako uku Umma ba ta cin abincin kirki. Ba ƙarar ce ta fi cin ta ba. "Wata biyu ina juya baiwar Allahn nan," take cewa, "ina taje mata kai. Ta karye a hannuna, an yi mata aiki, an sallame ta, ko sannu ban je na ce ba. Wace irin tarbiyya ke nan?"

Ranar wata Asabar ta tashi ta dama kunun gyaɗa ba suga, ta yi farfesun kaza, ta zuba a kula biyu. Ta ce in sa abayata, ni zan yi mata tafinta.

Baba Isuhu ya kai mu. A hanya da ya ji inda za mu, ya rage gudu. "Hajiya, kin shaida wa mutanen inshorar taki?"

"Dubiya ce fa, Baba. Sai na nemi izini kafin in duba mara lafiya?"

"To. Ni dai shekarata ashirin da wani abu a ƙasar ga. Allah shi sa alheri."

Salihu da kansa ya buɗe mana. Dogo ne, idonsa ja kamar wanda ya daɗe bai huta ba. Ya ba mu hanya. An sa wa tsohuwar gado a falo, kusa da wani kabad mai ƙofar gilashi cike da ƙananan kofunan gahawa. Tana ganin Umma ta ɗago hannu biyu. Umma ta durƙusa a gaban gadon kamar yadda take durƙusa wa Kaka, ta kama hannunta, ta fara magana da Hausa ina juyawa zuwa Larabci. Ta ce amana aka ba ta, kuma a hannunta abin ya faru. Ta ce ta kasa barci. Ta ce don Allah a yafe mata.

Ni ba na iya kallon mutane a ido, don haka gilashin kabad ɗin nake kallo. A cikinsa na hango Salihu a bayanmu, waya a hannunsa daidai ƙirji, da ɗan jan ɗigo a saman fuskar wayar. Na gane ɗauka yake. Na so in taɓa Umma, kunya ta hana ni.

Ana haka aka fara kiran la'asar a masallacin unguwar. Tsohuwar ta ja hannun Umma ta ce, da muryar da ba ta fi raɗa ba, "Tashi, 'yata. Me zan yafe? Ni na sauke ƙarfen. Alwala zan yi. Shekara saba'in ina alwalata da kaina, sai in danna ƙararrawa a zo a kai ni kamar jaririya?" Na fassara wa Umma. Umma ta ce, "Allah sarki," ta fashe da kuka. A gilashin, jan ɗigon yana nan. Bai mutu ba sai da ladan ya kai ƙarshe.

Muka dawo gida Umma tana cewa ta sauke nauyi. Ranar ta ci abinci har da ƙari.

Bayan kwana biyar aka kira ta ofishin lauyar da kamfanin inshora ya ba ta. Sunanta Ustaza Lamya, mace mai saurin magana, tabarau a saman kai. Ba ta ko amsa gaisuwarmu sosai ba ta juyo mana da kwamfuta. Ga Umma a durƙushe, ga muryata ina cewa amana aka ba ta, a yafe mata. Daƙiƙa arba'in, hoton ya tsaya.

"Wannan su Salihu suka kai wa kwamitin da ke duba ƙarar," in ji ta. "Sun ce kin amsa laifi da bakinki." Ta zaro irin takardar nan mai shafi goma sha ɗaya, ta buɗe shafi na bakwai, ta sa ni in karanta wa Umma. An rubuta cewa mai inshora ba zai amsa laifi ba, ba zai nemi sulhu ba, ba zai je wurin mai ƙara ba sai da rubutaccen izinin kamfani. In ya saɓa, kamfani yana da damar janye hannunsa.

"Janye hannu kamar yaya?" Umma ta tambaya.

"Ba lauya, ba biyan diyya. Ke kaɗai a gaban kwamiti da wannan hoton. Kuma lasisinki suke dubawa." Ta cire tabarau daga kanta ta ajiye. "Sista, don Allah me ya kai ki? Har da miya?"

"Farfesu ne," in ji Umma a hankali.

Ustaza ta ce gobe za ta rubuta wa kamfani ra'ayinta, kuma ba ta ga abin da za ta rubuta mai daɗi ba. Ta fara tattara takardu. Umma ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce mini mu tafi.

Ban tashi ba. Na ce, "Ustaza." Ba ta ɗago ba, na sake. "Ustaza, hoton bai ƙare a nan ba."

Ta dube ni kamar yanzu ta san ina ɗakin.

Na faɗa mata komai ina kallon gefen teburinta. Kabad ɗin, gilashin, jan ɗigon. Na ce a ƙarshen abin da ta nuna mana, in ta ƙara sauti, za ta ji ladan ya fara kabbarar farko, kuma a nan aka yanke. Na ce wayar ba ta daina ɗauka ba sai da aka gama kiran sallar, kuma a tsakanin nan tsohuwar ta yi magana. Na maimaita maganar da irin Larabcin tsohuwar, yadda ta faɗe ta.

Ustaza ta mayar da hoton baya, ta ƙure sauti. Ga kabbarar, rabi, an datse ta. Ta sake mayarwa. Sau uku.

"Me ya sa ba ku faɗa mini tun farko ba?"

"Ba ki tambaya ba," na ce, sannan na ji kunyar abin da na faɗa.

"To, neman yafiyar fa? In ba ta yi laifi ba, me take nema a yafe mata?"

Na ce a garinmu in baƙo ya yi tuntuɓe a ƙofar gidanka, kai za ka ce ya yi haƙuri, ko da shi ne bai duba gabansa ba. In yaron maƙwabta ya ƙone a gidanka, sai ka ɗauki abinci ka je ka durƙusa. Wanda bai je ba shi ake zargi. Na ce da Umma ta san ta bar ƙarfen a sauke, da kunya ba za ta bar ta ta taka gidan ba.

Ustaza ta ce, "Kakata ma haka take. Amma takarda ba ta san kakata ba." Ta jawo farar takarda da biro ta tura gabana. "Rubuta. Duk abin da kika gani, har kalar kofunan. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Shafi huɗu na rubuta. Kofunan farare ne masu zoben ruwan zinare, guda ɗaya bakinsa a ɓantare.

Kamfanin bai janye ba, amma da sharaɗi: Umma ba za ta sake zuwa gidan ba, ba waya, ba aike, ko gaisuwa ta bakin wani. Ta sa hannu. Wata biyu muka yi muna jira. Umma tana jera auduga, ni ina karatun jarrabawa ba tare da na san ko a ƙasar zan rubuta ta ba. Baba Isuhu ya daina tsokanata, ya koma miƙo dabino biyar. Sista Lini tana zuwa duk Juma'a, kuma duk zuwa sai ta ce, "Shafi na bakwai, Hadiza! Ko jarida ai mutum yakan kai shafi na bakwai."

Ranar zaman kwamiti a baranda aka ajiye ni, kan wata kujerar ƙarfe mai sanyi. Bayan wajen awa ɗaya aka leƙo aka kira sunana. Mutum uku ne a bayan dogon tebur, na tsakiyar dattijo mai furfura a gemu, rubutuna a gabansa. Ya tambaye ni ko wani ya gaya mini abin da zan rubuta. Na ce a'a. Ya tambaye ni ta yaya na ga wayar da ke bayana. Na ce ta gilashi. Ya ce me ya sa nake kallon gilashi ana magana.

"Ina jin kunyar kallon mutane," na ce.

Na gefensa ya rufe baki da hannu.

Dattijon ya juya wurin Salihu ya nemi cikakken hoton. Na zaci zai ce ya goge. Bai ce ba. Ya daɗe yana kallon wayarsa, sannan ya miƙa. Aka kunna, muryar tsohuwar ta fito ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin kiran salla, kalma bayan kalma kamar yadda na rubuta. Salihu ya ce shi ya ɗauka tausayi ne ya sa mahaifiyarsa faɗar haka, don ta san halinta, ko ɓarawo ta kama sai ta ba shi shayi. Dattijon ya ce to a tambaye ta. Aka kira ta a waya, fuskarta ta cika allon, ta matso da ido sosai.

"Wane ne? Salihu, ina ka kai ni?" Aka yi mata bayani. Ta ce, "Na gaya masa sau nawa! Ni na sauke. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙasa, na ga yadda suke yi. Ina baƙar nas ɗina? Ta kawo mini abin sha mai gyaɗa sau ɗaya ta ɓace."

Salihu ya sunkuyar da kai. Umma ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba.

Bayan kwana tara Ustaza ta kira mu ofis ta karanta mana hukunci. Babu sakaci. Lasisin Umma yana nan, za ta koma kan marasa lafiya ranar Lahadi, an ɗage hanin fita. Umma ta zame daga kujera ta yi sujada a kan kafet ɗin ofishin. Da ta ɗago ta kira Sista Lini, muka ji ihunta ta waya har sakatariya ta leƙo. Ustaza ta miƙo mini hannu, ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa samun mai shaida da ya ƙirga kofuna ba.

Muka yi godiya muka fito. A bakin lif na lura Umma tana murza yatsunta. Na san abin da ke ranta, kuma na san ba za ta tambaya ba, don ta riga ta sa hannu. Na ce ta jira ni, na manta wani abu.

Na koma na ƙwanƙwasa. Ustaza ta ɗago kai. Wannan karon idonta na kalla.

"Ustaza, don Allah ki rubuta mana izini, da hatimin kamfani. Umma tana so ta je dubiya. Ki sa har da kunu a ciki."